Zagi Ɗaya, Aji Biyu: Harshen Malami a To Sir, With Love da Entre les murs

Malamai biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Faris, da tazarar kusan shekara hamsin tsakanin fitowar labaransu, sun aikata abu guda. Kowannensu ya fusata a gaban aji, ya jefi 'yan mata ɗalibansa da kalmar da ake jifan macen banza da ita. Na farko, washegari ajin ya fara dawowa hannunsa, ƙarshen shekara kuma ɗaliban suka sallame shi da kyauta. Na biyu kuwa, kalmar ta tayar da hayaniya, hayaniyar ta zubar da jini, jinin ya sa aka kori yaro daga makaranta. Malamin farko shi ne tauraron littafin E. R. Braithwaite mai suna To Sir, With Love, wanda ya fito a 1959. Na biyu shi ne François Marin na fim ɗin Entre les murs, wato "Tsakanin Bangaye", wanda Laurent Cantet ya shirya a 2008 daga littafin François Bégaudeau na 2006. An saba ɗaukar aikin farko a matsayin darasin yadda malami zai riƙe aji da bakinsa, na biyu kuma a matsayin gargaɗi ga malamin da ya sake wa yara fuska. Wannan nazari yana ganin karatun nan ya yi gajeren zango, domin abin da ya raba malaman biyu ya fi ƙarfin fasahar magana ko sakin fuska. Tambayar da ayyukan biyu suke amsawa ita ce: dokar da malami ya shimfiɗa wa harshen ɗalibai, shin ta hau kan nasa harshen?

An haifi Braithwaite a Giyana a 1912, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya yi aikin sojan sama na Ingila a yaƙin duniya na biyu, ya yi karatun kimiyya a Kambirij, sannan ya shiga neman aikin injiniya. Ana yaba takardunsa, amma da zarar an ga fatarsa sai a juya masa baya. Rashin aiki ne ya kai shi koyarwa a wata makaranta da ke unguwannin talakawa na gabashin Landan, wadda ya kira Greenslade a cikin littafin. Aka ba shi babban aji, yara sama da arba'in da suke gab da barin makaranta su shiga neman abinci. Marubucin ya bayyana yaƙin da suka yi da shi mataki-mataki, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli zai gane matakan. Da fari shiru ne: su yi abin da aka ce, ba tambaya, ba ɗoki, su zuba masa ido kamar gunki. Daga nan sai ƙara: yana tsakiyar karatu wani ya saki murfin tebur ya buga, ya dube shi da fuskar marar laifi. Daga ƙarshe sai batsa, wadda ta kai ga ranar da ya shigo ya tarar da aji cike da hayaƙi, an jefa ƙunzugun mata a murhun ɗumama ɗaki. A nan ne ya kori samarin waje, ya zazzage wa 'yan matan fushinsa, har da waccan kalma.

Jawabin da ya yi washegari shi ne zuciyar littafin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai gwaninta ta gaske a ciki. Bai yi musu wa'azin tarbiyya ba. Ya ce musu nan da 'yan watanni za su zama manya masu cin gashin kansu, saboda haka daga yau zai ɗauke su a matsayin manya, kuma ga yadda manya suke kiran juna: 'yan mata a sa musu Miss kafin suna, samari a kira su da sunan gidansu, shi kuma a ce masa Sir ko Mista Braithwaite. Doka ce gajera, wadda za a iya aiki da ita nan take, kuma kunnen kowa zai iya shaida an bi ta ko an karya. Malamin da ya ce wa aji "ku zama masu ladabi" ya ba su abin da ba su san ta inda za su kama ba. Wanda ya ce "ga sunan da za ku kira ta da shi" ya sa musu abin a hannu. Abu mafi muhimmanci, dokar ta fara ɗaure mai kafa ta. Mutumin da jiya ya zagi waɗannan 'yan mata, yau shi ne na farko da zai riƙa ce musu Miss, a gaban samarin da suke jira su ga ya yi tuntuɓe.

Abubuwa biyu sun faru a cikin wannan zama da suke nuna kunnen marubucin ga yadda aji yake numfashi. Yana cikin magana sai Pamela Dare ta banko ƙofa a makare. Bai hukunta ta ba. Ya ce akwai hanya biyu ta shiga ɗaki, ta mai kamun kai da ta marar kunya, sun ga ta biyun, yanzu za ta nuna musu ta farkon. Ta fita a fusace, ta sake shigowa cikin natsuwa irin ta sarauniya. Ya tsawata mata, amma ya bar mata ƙofar da za ta bi ta maido da girmanta a cikin minti guda, a gaban idanun da suka ga faɗuwarta. Sai kuma Potter ya ce don me za su riƙa ce wa 'yan matan Miss alhali sun san su tun suna ƙanana. Braithwaite bai amsa da ikonsa na malami ba. Ya tambaye shi ko akwai wata a cikinsu da yake ganin ba ta cancanci a girmama ta ba. 'Yan matan suka juyo gaba ɗaya suka kafe yaron da ido, ya janye. Daga wannan lokaci dokar ta sami masu gadi ashirin da wani abu, waɗanda ba malamin ne ya naɗa su ba.

Wannan shi ne abin yabo. Abin zargi kuma yana nan kusa da shi, kuma tushensa zubin littafin ne. Braithwaite ne tauraro, shi ne mai ba da labari, shi ne alƙalin da yake yanke wa tauraron hukunci. Bai san wanda ya jefa abin nan a murhu ba, amma ya sallami samari ba tare da bincike ba, ya haɗa 'yan mata duka ya zaga. Me suka ji a ransu? Wace ce ta koma gida ta kasa cin abinci? Littafin bai buɗe wa kowace cikinsu baki a kan wannan ba. Ya mayar da zagin tsawar da ta share wa ruwan sama hanya, mai karatu kuma ya wuce yana gyaɗa kai, domin muryar da take jan sa murya ce mai daɗi ta mutumin da shi ma aka zalunta. Haka nan lokacin da Denham ya tambayi dalilin da za a matsa musu da tsafta alhali wani malami, Mista Weston, kullum a yamutse yake, sai Braithwaite ya rufe zancen da cewa ba za a tattauna malami ba. Manya ne, amma akwai iyakar da girman ya tsaya. Shi kansa Denham, wanda ya fi kowa taurin kai, jawabi bai sauke shi ba. A fagen damben motsa jiki ya sauka, bayan ya tilasta wa malamin sa safar dambe, malamin kuma ya kai masa naushi guda a ciki. Littafin da ake koyar da shi a matsayin nasarar harshe, ɗalibinsa mafi wuya da dunƙule aka shawo kansa.

Akwai kuma wani abu da littafin ya ambata ya wuce, wanda a ganina shi ne ginshiƙin duk abin da ya yiwu a ajin nan. Shugaban makarantar, Mista Florian, ya hana duka, ya kuma kafa al'adar cewa kowace Juma'a kowane ɗalibi zai rubuta sharhin makonsa: abin da ya koya, abin da ya dame shi, har da ra'ayinsa a kan malamai, ba tare da tsoron ramuwa ba. Malamai suna karantawa, shugaba yana karantawa. Akwai kuma majalisar ɗalibai, wadda take tsayar da malamai a gaban makaranta su amsa tambayoyi. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Makarantar gaskiya ita ce St George-in-the-East, shugabanta kuma Alex Bloom, wanda ya riƙe ta daga 1945 har rasuwarsa a 1955, ya yi suna a tarihin ilimin Ingila saboda irin wannan tsari. Ashe yaran da Braithwaite ya ce zai ɗauka a matsayin manya sun riga sun saba da a tambaye su ra'ayi a kuma saurara. Irin ya faɗa a gonar da wani ya daɗe yana wa taki. Fim ɗin 1967, wanda Sidney Poitier ya fito a ciki, ya ƙara tattara hasken a kan mutum ɗaya, har da fitowar da malamin ya zuba littattafai a kwandon shara. Daga nan ne tatsuniyar gwarzon malami mai jawabi guda ta yi ƙarfi. Yana da kyau a san cewa wani tsohon ɗalibin makarantar, Alfred Gardner, ya wallafa tarihin rayuwarsa inda ya zana Braithwaite a matsayin mutum mai tsanani, wanda bai yi kama da na littafin ba. Ko wane ne ya fi gaskiya a tsakaninsu, samuwar muryar tasa ta tuna mana cewa aji yana da bakuna fiye da ɗaya.

Waɗannan bakunan su ne Entre les murs ya buɗe. Bégaudeau, wanda ya taɓa koyarwa, shi ya fito a matsayin Marin, malamin Faransanci a wata ƙaramar sakandare da ke unguwar baƙi a Faris. Ɗaliban kuma ɗalibai ne na gaske daga makarantar Françoise Dolto, waɗanda aka yi shekarar karatu guda ana atisaye da su. Cantet ya ɗauki darussan da kyamara uku: ɗaya a kan malami, ɗaya a kan ɗalibin da yake magana, ɗaya tana farautar abin da yake faruwa a gefe. Wannan zaɓi na fasaha shi ne ra'ayin fim ɗin gaba ɗaya. Babu muryar da za ta gaya mana yadda za mu ji. Duk kalmar da ta fita daga bakin malami, muna ganin fuskar da ta sauka a kanta. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 2008.

Marin ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne. Yana son yaran, yana da saurin baki, kuma ba ya ƙin tambaya. Da ya rubuta jimlar misali da sunan Bill, Kumba da Esmeralda suka tambaye shi don me kullum sunayen Turawa yake sawa, ya tsaya ya yi musu da su. Da suka ce wani tsohon sigar aikatau da yake koya musu ba mai amfani da shi sai 'yan ƙarya, ya yarda cewa ba a cika jin sa a titi ba, ya yi ƙoƙarin nuna musu cewa harshe hawa-hawa ne. Lokacin da Sulaiman, ɗan asalin Mali da ya ƙi rubuta komai, ya kawo hotunan iyalinsa a madadin rubutun bayyana kai, Marin ya karɓa, ya koya masa sa musu bayani a ƙasa, ya manna su a bango ya kira aji su gani. Murmushin da yaron ya kasa ɓoyewa a nan yana cikin mafi kyawun abin da fim ɗin ya kama.

Sai dai makamin Marin na yau da kullum shi ne ba'a, ba'a kuwa wasa ne da ba a yin sa lafiya sai tsakanin tsara. Idan ya zolayi ɗalibi aji ya yi dariya, raha ce; idan ɗalibi ya mayar masa, ta zama rashin kunya, kuma shi kaɗai yake da ikon faɗin lokacin da wasan ya ƙare. Faransanci yana bambanta tu da vous, kusan yadda muke bambanta "kai" da "ku" ta girmamawa. Malami yana ce wa ɗalibi "kai", ɗalibi dole ya ce masa "ku", kuma ranar da Sulaiman ya ce masa "kai" sai da aka kai shi ofishin shugaba. Ba laifi ba ne makaranta ta riƙe wannan bambanci. Laifin shi ne malamin da yake yin magana kamar aboki na tsawon awa guda, sannan ya zaro sandar girma a daƙiƙar da zancen ya juya masa. Kumba ta gane haka. Bayan ya tsare ta ya matsa mata ta ba shi haƙuri don ta ƙi yin karatu, ta ba da haƙurin fatar baki, daga baya ta rubuta masa wasiƙa cewa girmamawa ba ta tafiya ta hanya ɗaya, kuma daga yau za ta koma bayan aji ta yi shiru. Wasiƙar nan ita ce takardar Juma'ar da makarantar Marin ba ta tanada ba. Yarinyar ce ta ƙirƙiro ta da kanta, kuma ba mu ga an amsa mata ba.

Rushewar ta zo ta hanyar kalmomi biyu. A taron malamai na duba sakamako, inda wakilan aji biyu, Esmeralda da Louise, suke zaune suna ƙus-ƙus da dariya, Marin ya so ya kare Sulaiman daga hukunci, sai ya ce yaron iyakar ƙoƙarinsa ke nan a karatu. Da niyyar ceto ya faɗa. Wakilan suka kai wa Sulaiman kalmar tsirara, ba tare da niyyar ba, ya ji cewa malamin da ya manna hotunansa a bango ya kira shi daƙiƙi a bayan idonsa. Marin ya juya kan 'yan matan, ya ce halin da suka nuna a taron halin pétasses ne. Magana zarar bunu, in ji Hausawa. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin fim ɗin. Yaran suka ce kalmar tana nufin karuwa. Shi ya ce a'a, tana nufin yarinya mai dariyar banza. Suka ce ya zage su; ya ce bai ce su ɗin haka suke ba, ya ce halinsu ne ya yi kama. Malamin nahawu ya ɓuya a bayan nahawu. A cikin wannan ja-in-ja Sulaiman ya tashi zai fita a fusace, jakarsa ta sami Kumba a fuska, jini ya zuba. Da Marin ya rubuta rahoton abin da ya faru, ya bar tasa kalmar a waje, sai da zancen ya bazu shugaba ya sa shi ya ƙara ta. Da ya sauka tsakar makaranta ya fuskanci yaran, hujjar da ya ƙare da ita ita ce akwai abin da malami zai iya faɗa wanda ɗalibi ba zai iya ba.

A nan ne malaman biyu suka rabu. Braithwaite ma bai ba da haƙuri ba, kuma littafinsa bai ga dalilin da zai bayar ba. Amma washegari ya zo da dokar da ta haramta masa maimaita abin da ya yi, ya kuma bi ta a bainar jama'a kowace rana. 'Yan matan sun sami wani abu a hannu a madadin abin da aka ƙwace musu. Marin ya zo da bayanin da ya halatta masa abin da ya yi. Ajin da aka shekara ana koya wa cewa kalma tana da nauyi, cewa akwai maganar titi akwai ta makaranta, ya ga mai koyarwar ya keɓe kansa daga darasin. Bayan wannan babu sauran abin da zai riƙe su da shi sai hukuma, hukuma kuwa ta yi aikinta. A zaman ladabtarwa mahaifiyar Sulaiman, wadda ba ta jin Faransanci, ta yi ta bayani da harshenta cewa ɗanta yaron kirki ne mai taimako a gida, kuma shi wanda ake tuhuma shi ne tafintanta, yana fassara yabon kansa da kai a sunkuye ga mutanen da za su jefa ƙuri'ar korarsa. Kumba ta riga ta gaya wa Marin cewa idan aka kore shi mahaifinsa zai iya mayar da shi Mali. Aka kore shi.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Musayar baki tana da daɗin kallo fiye da yaro mai rubutu shiru, saboda haka kyamara ta fi zama a kan masu surutu, har mai kallo ya fito yana zaton cewa darasin Faransanci gardama ce zalla, ko kuma ya yanke cewa barin yara su yi magana shi ne ya jawo masifar. Makarantar Florian ta ƙaryata wannan zato, domin yaranta sun fi na Marin 'yancin faɗin ra'ayi, sai dai an gina wa 'yancin magudana: rana sananniya, takarda, majalisa, da tabbacin cewa za a karanta. Littafin Braithwaite ma, a wuri ɗaya, ya yarda cewa bakin malami yana da iyaka. Da mahaifiyar Seales ta rasu, yaron da mahaifinsa baƙar fata ne, ajin ya tara kuɗin furanni amma aka rasa mai kai su gidan, don gudun abin da unguwa za ta ce, sai Pamela ita kaɗai. Malamin ya fita da baƙin ciki, yana ganin duk maganarsa ta watanni ta bi iska. Ranar jana'iza ya iso ya tarar da kusan dukansu a tsaye a ƙofar gidan. Abin da suka faɗa wa juna har suka yanke wannan shawara, ba ya wurin, mu ma ba ma wurin, kuma wannan shafi ya fi jawabin gaskiya.

Cantet ya san da masu shirun da kyamararsa ta tsallake, ya ajiye su zuwa ƙarshe. A ranar rufe makaranta Marin ya bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ya koya a shekarar. Esmeralda, wadda ya zaga, ta ba shi mamaki da cewa ta karanta littafin Jamhuriya na Aflatun a gida. Bayan kowa ya fita sai wata yarinya, Henriette, wadda da ƙyar muka ji muryarta tun farkon fim, ta matso gaban teburinsa. Ba ta taɓa buga tebur ba, ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ba a taɓa kai ta ofis ba; a ma'aunin riƙon aji, ita ce ɗalibar da ba ta da matsala. Ta ce masa ita ba ta koyi komai ba, ba ta gane abin da ake yi ba a kowane darasi, kuma tana tsoron a tura ta makarantar koyon sana'a. Mutumin da yake da amsa ga kowace zolaya ya yi ta laluben abin faɗa. Wata tara tana zaune a gabansa, kuma babu wata Juma'a da aka miƙa mata takarda aka ce ta rubuta yadda makonta ya kasance. Daga nan kyamara ta koma cikin ajin da babu kowa, kujeru a karkace, ana jiyo ihun ƙwallon da malamai da ɗalibai suke bugawa a tsakar gida.